Ƙoƙon Kan Jaki a Bisa Rumbu

A kasuwar Buza, bayan yaƙin Nasara, tsoho Jima ya ƙura wa ashanar wani soja ido.

"Soja, ina wuta take kwana cikin wannan tsinke?"

"Fosfor ne, Baba. Na yi aikinsa a Faransa. Daga ƙashi ake fidda shi. A ƙone, a dafa, a tace, sannan a aje shi cikin ruwa. Iska na taɓa shi, sai wuta."

Jima ya dafe kai.

"Ƙashi? Ni da na ɗora ƙoƙon kan jaki bisa rumbuna saboda kambun baka! Hatsin shekara duk yana ciki."

"Ai sai an dafa shi, Baba."

"Ranar ƙasarmu ta Adar, da zafinta, ba ta dafawa?"

Soja ya sosa ƙeya. "Wallahi ni motsawa kaɗai aka sa ni, ba a gaya mini komi ba."

"To in sauke, baki ya ci hatsi. In bari, wuta ta ci."

"Tsoma shi cikin tulu mana."

Jima ya yi godiya, ya kama hanya. Can sai ga shi ya komo.

"Ɗana, in yana cikin tulu, ƙaƙa mai mugun ido zai gan shi?"