An Sayar da Gonar da Takinmu a Ciki

Malam mai gabatarwa, sallama gare ka da masu sauraro. In mutum zai sayar da gonar da ya ba ka haya, wa ya kamata ya fara yi wa tayi, kai da ke duƙe a cikinta ko baƙo mai mota?

Ni Sanusi ne daga wajen Yekuwa. Tun ina goye Baba yake noma gonar wani Alhaji na Dungas, kowace kaka muna kai masa dammunansa. Da ranin nan Alhaji ya aiko wai mu zuba taki sosai, ƙasa ta gaji. Muka roƙi makiyaya suka zauna da shanunsu a ciki, ni kuma na yi ta jigila da amalanke.

Gona na yin baƙi, sai ga mutane da igiyar awo. Na ce, "Lafiya?" Ɗayansu ya ce, "Samari, matsa, ka taka igiya. An saya."

Baba ya ce ƙila Alhaji mantawa ya yi da mu. Mantawa? Ai bai manta da saƙon taki ba! Ni dai zargina, da guminmu aka yi wa gonar kwalliya don ta yi tsada. A garinmu ko akuya za ka sayar, mai kiwonta kake fara tambaya. Da an taya mana, da ko bijiminmu ne mun sayar mun saya.

Ga damina ta ƙarato, iri na rumbu, ba inda za mu shuka. Alhaji, na san kana jin shirin nan. Bugo waya ka faɗa kowa ya ji: yaushe ka yi cinikin, kafin takin ko bayansa?