Tsohuwar Urushalima da Na Bari Ta Faɗi

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Salamarsa ta zauna tare da ku duka.

Sunana Saratu. Da yawanku kun san ni a nan Villeurbanne, ni ce mai zama layin baya, mai fita kafin a gama albarka. Yau na roƙi Fasto ya ba ni dama in tsaya a gaba, domin na gaji da ɓoye abin da Allah ya yi mini. Ku yi haƙuri da ni, labarin ba mai daɗin ji ba ne.

Daga jihar Bauchi na zo ƙasar nan karatun aikin jinya. Ranar da na sauka Paris, wanda ya yi alkawarin ba ni ɗaki ya kashe wayarsa. Na tsinci kaina a Porte de la Chapelle da akwati biyu, ga motoci suna wucewa sama da ƙasa, ga mutane zaune a gefen hanya waɗanda su ma ba su da wurin kwana. Na kira mahaifiyata ina kuka. Ashe wata mata da ke jiran bas tana jin Hausata. Ta matso ta ce, "Ƙanwata, lahiya? Mi ya same ki?"

Hajiya Zainabu ke nan, 'yar Maradi, Musulma. Ba ta tambaye ni addinina ba sai da muka isa gidanta na ci na ƙoshi. Wata uku na yi a wurinta. Ranar Lahadi ita ce take tashe ni, ta ce, "Tashi, Saratu, kar ki makara wurin Allahnki."

Daga baya na sami aiki a gidan kula da tsofaffi a Rillieux-la-Pape, na dawo nan yankin Lyon. Komai yana tafiya daidai, har ranar da aka kira ni daga gida aka ce an kashe ƙanena Bitrus a hanyar gona, lokacin da rikici ya tashi a yankinmu. Ni na goye shi. Ban samu zuwa jana'izarsa ba. Har yau ba wanda ya san wanda ya kashe shi, amma ni a zuciyata na yanke hukunci: duk wanda yake sallah yana da hannu.

'Yan'uwa, na fara shan giya. Ni, mai waƙa a zumuntar mata! Da kofi ɗaya na fara bayan aiki, na koma kwalba. Ina zuwa sujada da alewar na'a-na'a a baki don kada ku ji wari. Addu'a kuwa ta mutu. In na durƙusa, ba abin da ke fitowa sai, "Ka rama mini."

Da faɗa ya sake ɓarkewa a Ƙasa Mai Tsarki, sai na sami inda zan zuba dafina. Ban taɓa taka Urushalima ba, ban san ko titi ɗaya a cikinta ba, amma na mai da kaina sojanta a waya. Ina cikin taram, jirgin cikin gari, ina gardama a waya da mutanen da ban sani ba a kan wane ne mai birnin. In na ga hoton gidajen da suka rushe, maimakon tausayi sai in ji sanyi a raina. Allah ya gafarta mini, har daɗi nake ji.

Wata ranar Asabar Hajiya Zainabu ta kira ni. Ta ce ta ga abubuwan da nake rubutawa, hankalinta ya tashi. Ta ce, "Akwai yara cikin waɗanda ke mutuwa, ƙanwata."

Na ce, "Ku ma ku ɗanɗana."

Can ta ce, "Saratu, ni ce hwa."

Na kashe wayar, na toshe lambarta. Matar da ta ɗauke ni daga bakin titi!

A wannan lokacin aka kawo mana wata tsohuwa a wurin aiki, Madam Salma. Ta haura tamanin, ƙafafunta ba ƙarfi, kullum da ɗankwali a kanta, in tana waya da 'yarta Larabci suke yi. Ina jin Larabcin nan na tsane ta. Abincinta nakan ajiye mata ba gaisuwa. In zan yi mata wanka, jan hannunta nake kamar na ɗan akuya. Ba ta taɓa kai ƙarata ba, sai dai ta ce ta gode.

Wata safiya na zo aiki kaina yana sarawa saboda giyar jiya. Ƙararrawar ɗakinta ta yi ƙara. Na duba na ga lambarta ce, na ce a raina, ta jira. Ta sake bugawa. Na ci gaba da shan kofi. Ban san minti nawa suka wuce ba, sai na ji wani abu ya faɗi tim. Ta gaji da jira, ta yi ƙoƙarin zuwa bayi da kanta. Na same ta a ƙasa, hannunta na dama ya karye, goshinta yana jini.

Da ta dawo daga asibiti, shugabar gidan ta tambaye ta yadda abin ya faru. Ina tsaye a bakin ƙofa, na san aikina da takardun zamana a ƙasar nan duk suna bakin tsohuwar nan. Ta dube ni, ta dubi shugabar, ta ce, "Na yi gaggawa ne. Tsufa ne."

Washegari da rana na shiga canza mata riga. Da na zare ɗankwalin, sai na ga ƙaramin gicciye na itace a wuyanta, wanda ban taɓa lura da shi ba don ko kallonta ba na yi. Hannuna ya tsaya. Na ce, "Madam, ke Kirista ce?"

Ta ce, "An yi mini baftisma a Urushalima, 'yata. A can aka haife ni, a can aka haifi kakata."

Na ce, "Wayyo, ban sani ba! Da na sani..."

Ta katse ni. Ta ce, "Da kin sani da kin amsa ƙararrawar? To da Musulma ce ni fa, ƙashina ba ya ciwo?"

'Yan'uwa, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ashe duk ta sani. Na zauna a bakin gadonta, na kasa ɗaga kai. Ta ce in ba ta labarin abin da ke cina, na gaya mata zancen Bitrus, da giyar, da abin da nake rubutawa a kan birninta.

Sai ta fara ba ni labarin Urushalima, ba irin wadda nake gani a waya ba. Ta ce da sassafe mahaifiyarta takan aike ta sayen burodi mai riɗi wurin wani Musulmi, yana da zafi har sai ta riƙa juya shi daga hannu zuwa hannu. Ta ce ƙararrawar majami'a da kiran sallah sukan haɗu a sama, su mutanen gari ba sa ma lura, da su suke gane lokacin ɗora tukunya. Ranar Juma'a da yamma takan ga maƙwabtansu Yahudawa suna sauri su isa gida kafin rana ta faɗi, a lokacin duwatsun ganuwa sun koma launin zuma. Ta ce baƙi sukan zo daga ko'ina su rungumi bango suna kuka, su yara suna yi musu dariya, sai da ta bar garin ta gane abin da ke sa su kuka.

Ta ce, "Ni ma an kashe yayana a can. Gidanmu wasu ne a ciki yanzu. Shekara da shekaru ina tsine musu, har wata rana na lura na daina tuna ƙanshin burodin, fuskokin maƙiya kawai nake gani. Sun ƙwace gidan, ni kuma na ba su sauran garin da hannuna. Ke kuma, yaushe rabonki da tuna dariyar ƙanenki?"

Na nema, na rasa. Gawarsa kawai nake gani, wadda ban ma gani da idona ba.

Ta miƙo hannun hagu, mai lafiyar, ta ɗora a kaina. Ta yi addu'a da Larabci, harshen da na tsana. Ban ji ko kalma ɗaya ba sai sunan Almasihu. Na zame daga gadon na durƙusa. Na ce, "Yesu, na gaji. Ni ce mai laifi. Ka cire mini wannan abu, ba zan iya da kaina ba!" Na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Bitrus. Ba haske na gani ba, ba murya na ji ba. Abin da na sani shi ne na tashi ba na son kowa ya mutu. Haleluya!

Kada ku ɗauka daga nan komai ya yi sauƙi. A ranar na je ofishin shugabar na faɗi gaskiya. An dakatar da ni, aka rubuta a takarduna, kuma ya dace. Matar Fasto, Mama Rifkatu, ita ta raka ni wurin likita saboda giyar. Sau biyu na koma sha, sau biyu ta zo gidana ta zubar, muka durƙusa tare. Yau wata goma sha huɗu ban taɓa ba. Ku taya ni yabon Ubangiji!

Abin da ya fi mini wuya shi ne Hajiya Zainabu. Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na tsaya a ƙofarta na kasa ƙwanƙwasawa. Da ta buɗe, ba ta yi murmushi ba. Na durƙusa na ce, "Hajiya, na zo neman gafara."

Ta ce, "Maganarki ta yi mini ciwo, Saratu. Har yau tana yi." Sai ta ce, "Tashi ki shigo, ba a tuba a bakin ƙofa."

Muna cin tuwo na ba ta labarin Madam Salma. Ta ce ai ita ma ta taɓa zuwa Ƙudus da maigidanta, kafin mu haɗu. Na tambaye ta abin da ta fi so a can. Na ɗauka za ta ce masallacin. Ta ce masallacin kam ba a magana, ta yi sallah ta yi kuka. Amma abin da bai bar ranta ba shi ne wani ƙunƙuntaccen lungu inda ta yi kiciɓis da Kiristocin Najeriya suna ɗauke da gicciye suna waƙa da Hausa. Ta matsa jikin bango ta ba su hanya, wata tsohuwa a cikinsu ta ce mata, "Sannu, Hajiya, kin zo lafiya?" Suka tsaya suna gaisawa, suna tambayar mutanen gida, har mutanen da ke bayansu suka fara gunaguni.

Hajiya ta yafe mini, amma ba mu koma kamar da ba tukuna. Takan ɗauki wayata, takan kuma bari ta yi ta ƙara. Ina jira.

Madam Salma ta rasu a damunar da ta wuce. Hannunta bai sake riƙe cokali ba, bayan an mayar da ni aiki ni nake ba ta abinci har ƙarshe. Ba ta sake ganin Urushalima ba. Wannan nauyin ina ɗauke da shi, kuma har yanzu ana kashe-kashe a ƙasarta da tamu.

'Yan'uwa, na san a cikin ɗakin nan akwai waɗanda aka kashe musu nasu. Ba zan ce muku ba ciwo ba. Amma in kin fara jin daɗin mutuwar ɗan wani, 'yar'uwa, ki gudu wurin Yesu tun kafin wani ya faɗi a hannunki. In kwalba ce ke riƙe da kai, ɗan'uwa, ka faɗa wa wani yau, kada ka jira gobe. Wanda ya ɗaga ni daga ƙasan ɗakin tsohuwar nan yana da ikon ɗaga ku.

Na gode wa Allah da bai bar ni yadda nake ba. Ku riƙa yi mini addu'a, ku yi wa Hajiya Zainabu, ku yi wa dukan mazauna birnin nan, kowa da kowa. Yabo da ɗaukaka su tabbata ga sunan Yesu. Amin.