Waƙata Ta Raka Ɓarawon Awaki

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Sa'idu, tela ne ni a Dakoro, amma ina taɓa waƙar rap. Wasu masu shirya fim a Maradi suka karɓi waƙata. Don murna ban tsaya na fara kallon fim ɗin ni kaɗai ba, na tara dangi gaban talabijin, har da surukina daga Kornaka. Ashe duk inda ɓarawon awaki ya fito, muryata ce ke raka shi! Surukina ya dube ni ya ce, "Sa'idu, kai ne mai yi masa kirari?" Ya sa takalmansa ya fita. Har yau na kasa zuwa gaishe shi. Jama'a, da wace fuska zan je?