Mai Cin Kokwamba

A ɗakin jira na asibiti, wani dattijo mai tumbi ya leƙa kwamfutar saurayin da ke gefensa.

"Samari, tun ɗazu kake tsaki. Lafiya?"

"Baba, manhaja na haɗa a intanet. Ka rubuta abin da ka ci, ta lissafa maka kalori. To, ta rikice min."

"Kamar yaya?"

"Akwai wani bawan Allah, safe kokwamba, rana kokwamba, dare kokwamba, amma nauyinsa sai hawa yake. Na rasa inda lissafin ya kuskure."

Dattijon ya gyara zama. "Ba ita ce mai tura wa iyali rahoto ba?"

"Ita ce! Don a riƙa ƙarfafa wa juna gwiwa."

"Ƙarfafa gwiwa! Kai dai ba ka da aure."

"Ya aka yi ka sani?"

"Da kana da shi, da ka san mai gasa kaza na bakin ofis ba ya shiga rahoto."

Saurayin ya dubi tumbin, ya rufe kwamfutar a hankali.

"Baba, ya kokwamba?"

"Rufa min asiri, ɗana. Ga uwargida can tafe."