Baƙin Labule a Ranar Dawowar Rana

Shugabar taro, Inna Gunvor; shugaban ƙaramar hukumarmu; malamar asibiti Solfrid, wadda ta ƙetaro ruwa saboda mu; masunta da iyalansu; da ku yara masu baki duk sukari: barkanmu da sake ganin rana.

Ina godiya da kuka ba ni dama a ranar da rana ta leƙo ta bayan dutse, bayan dogon duhun hunturu. Ni ce Ragnfrid, matar Torleif, ga shi can bakin ƙofa yana yi kamar bai san ni ba. Da izininsa nake magana, kuma shi ya ce kada in rage komai.

Abu na farko, mu mutanen arewacin Norway duhu muke tsoro. Rana na ɓacewa sai mu kunna kyandir a taga, mu dinga leƙa juna. Da Torleif ya kwanta a hunturun bara waccan, ba ci ba magana, ku kuka kawo miyar kifi, ku kuka share mana ƙanƙarar ƙofa. Kowa ya ce, "Duhu ne, rana na dawowa zai miƙe."

Ya kuwa miƙe! Ya fente zauren nan shi kaɗai, ya gyara injin kowa har da wanda bai lalace ba, ya daina barci, bakinsa ba ya hutawa. Muka yi ta tafa masa. Baba Oddvar har cewa ya yi, "Ragnfrid, me kike ba shi ne? Ki sammini, tsohuwata ta gaji da ni!" Muna dariya, ashe ciwon ne ya juyo da ɗaya fuskar.

Rannan iska ta taso, teku ta yi fari fat, kowane jirgi a ɗaure, sai ga Torleif ko rigar ruwa babu yana kwance igiya, wai kifi ke kiransa. Na riƙe shi, ya fizge. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Sai Baba Oddvar ya sauka cikin jirgin ya zauna daram.

Torleif ya daka masa tsawa: "Fita, tsoho!"

Ya ce, "Ba inda za ni, ja'iri. In za ka nutse, da ni za ka nutse, sai ka san abin da za ka gaya wa tsohuwata."

Torleif ya yi zagi, ya yi kuka, amma bai ta da inji ba. Baba, na gode, na gode har in mutu.

Abu na biyu, ciwon nan yana da suna, likitoci na kiransa bipolar. Yakan danne mutum har ya ƙi rayuwa, yakan ɗaga shi har ya raina mutuwa. Ba lalaci ba ne, ba taurin kai ba ne, kuma yana da magani. Solfrid ce ta haɗa mu da likita, ta sa Torleif cikin taron masu irin ciwonsa, ta kuma koya mana cewa a wajensa rashin barci ne alamar farko.

Abu na uku, roƙo ne. Yadda muke leƙa juna a duhu, mu leƙa juna a haske. Wanda kuka ga ya daina barci, kada ku tafa masa. Ku tambaye shi, ku raka shi asibiti. Matan ƙungiyar ɗinki sun riga mu ganewa, su suka ɗinka mana labule baƙi mai kauri don ya samu barci a watannin da rana ba ta faɗuwa.

Yau da safe, kowa na buɗe taga, na tarar da Torleif a kan kujera yana rataye labulen nan. Na ce, "Haba, yau fa ranar rana ce." Ya ce, "Na sani. Ina so in ga ta baɗi."

Allah ya tsare masu fita teku, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya bar mu da maƙwabta irinku. Allah ya kai mu ta baɗi, ba wanda ya ragu.

Na gode.