Ɗaya Cikin Huɗu

AUTA: Salamu alaikum, Yaya. Ina wuni?

YAYA: Wa alaikumus salam. Auta ce? Lafiya lau. Ya maigidan? Ya yara?

AUTA: Kowa lafiya. Ya aiki? Ya jikin Baba?

YAYA: Jiki alhamdu lillahi. Ga shi can zaune a falo, ni kuma ina kan tsani ina gyara masa fanka.

AUTA: A falo? Yaya, yau Laraba fa. Ƙarfe goma likitan zuciya ya ce a kai shi.

YAYA: Halo? Ba na jin ki sosai.

AUTA: Kana ji na sarai. Daga asibiti aka kira ni, an ce ba ku zo ba.

YAYA: To, ba mu je ba. Kuma ba za mu je ba. Shekarata ashirin ina aikin lantarki, Auta. A gabana wuta ta jefo abokin aikina daga kan falwaya. Sannan in ɗauki ubana da hannuna in kai a manna masa wutar lantarki a ƙirji?

AUTA: Sai an sa shi barci za a yi, kuma ƙiftawar ido ce. Ita za ta mayar da bugun zuciyar kan hanya.

YAYA: Wace hanya kuma? Mutum ya warke. Kullum da safe ina auna bugun zuciyarsa. Da ɗari da hamsin ne, yanzu saba'in da biyar cif, ba hawa ba sauka. Mita ba ta ƙarya.

AUTA: Da ka saurari likita! Yana zana mana a takarda kana danna waya. Wutar saman zuciyarsa ce ta ɓata hanya, tana zagaye wuri ɗaya sau ɗari uku a minti. Tsakanin sama da ƙasa akwai 'yar ƙofa. Da tana barin ɗaya cikin biyu ya wuce, shi ne ɗari da hamsin ɗinka. Magani ya matse ƙofar, yanzu ɗaya cikin huɗu ke wucewa. Raba ɗari uku gida huɗu.

YAYA: Ke, ni za ki yi wa jarrabawa?

AUTA: Raba mana.

YAYA: Saba'in da biyar. To, sai me?

AUTA: Ba kai ke gaya wa mutane kamawar ƙwan fitila ba ta nuna wayar cikin bango lafiya take ba?

YAYA: Kada ki koya mini sana'ata. Kina can gidan mijinki, sai dai ki bugo ki ba da umarni. Wa ke masa wanka? Wa ke yanke masa farce?

AUTA: Kai ne, Allah ya saka maka. Amma wanka ba ya ba ka ikon soke ranar asibiti ba ka gaya wa kowa ba. Ubana ne ni ma. Yanzu dai yana shan maganin hana jini daskarewa, ko?

YAYA: Wannan guba? Aski na yi masa, reza ta ɗan taɓa shi, jini ya ƙi tsayawa sai da ya ɓata tawul. Na ɗauke kwalin na ajiye a saman kabad.

AUTA: Tun yaushe?

YAYA: An yi kwana goma sha ɗaya.

AUTA: Inna lillahi! Yaya, saman zuciyar ba ya tura jini, rawa kawai yake yi. Jinin yana kwanciya ya yi gudaji, gudajin ya tafi ƙwaƙwalwa. Shi ya sa aka ce kada ya tsallake ko rana ɗaya. Wallahi ban taɓa jin haushinka irin na yau ba.

YAYA: Ki yi ta ji. Bari in sauko in ba shi wayar, ki ji da kunnenki. Baba, ga 'yar lelenka, ta ce zan kashe ka.

BABA: Au... ta... Ya... ya... ra...

AUTA: Baba? Baba, me ka ce? Yaya, karɓi wayar! Tun yaushe yake magana haka?

YAYA: Bai kai awa ba. Barci ne bai ishe shi ba, har kofin shayi ya suɓuce masa.

AUTA: Ce masa ya ɗaga hannu biyu.

YAYA: Haba, Auta.

AUTA: Ce masa!

YAYA: Baba, ɗaga hannu. Yauwa. Da na daman. Baba, na daman ma... Auta, ba ya ɗagawa. Bakinsa ma kamar ya karkace.

AUTA: Kada ka ba shi komai, ko ruwa. Sa shi a mota, sashen gaggawa. Ka gaya musu lokacin da ya fara, ka gaya musu kwana goma sha ɗayan nan. Ga ni nan zuwa.

YAYA: Auta, ni fa taimakonsa nake...

AUTA: Ba yanzu ba, Yaya. Ajiye wayar ka ɗauke shi.