Takun Jikata

A rumfar mai gyaran waya a kasuwar Ɗambatta, wata dattijuwa da wata matashiya suna zaune kan benci ɗaya.

"Inna, taki ma gilashin ne ya fashe?" in ji matashiyar.

"A'a, 'yar nan, bidiyo ne ya ƙi buɗewa. Ɗana ya turo min daga Kano, jikata ta fara tafiya. Tana miƙewa sai hoton ya daskare, murya kaɗai ke fita."

"Ki ce ya sake turowa mana."

"Na ce. Wai matarsa ta goge."

"To me ake ji a ciki?"

"Surukarsa ce ke tafi tana cewa, 'Taho wajen kaka.' Kaka! Sai ka ce ita kaɗai ce. Sunana fa yarinyar ta ci, Lauratu. Amma su suna unguwa ɗaya, ni kuwa ina ƙauye ina sussukar gero."

"In an gyara ai surukar za ki gani ta rungume ta."

"Ni ƙafar jikata zan kalla."

Mai gyara ya miƙo wayar ya ce bidiyon ya buɗe. Suka haɗa kai suna kallo.

"Taku huɗu, tabarkalla!" in ji matashiyar.

"Kin ga kafin ta faɗa jikin surukar sai da ta waiwayo nan? Ni take nema."

"Inna, ai babanta ne ke riƙe da wayar."

"To baban nata ɗan wa ne?"